Ɗan leɓen da ya kwantar da jijjigar helikwafta: yadda gwajin farfelar SMART ya gudana a 2008

Duk wanda ya taɓa zama cikin helikwafta ko da na minti goma ne ya san me ake nufi da jijjiga. Ta mota a kan hanya mai gargada tana zuwa ta wuce, amma wannan tana nan tun daga tashi har sauka, kana jinta a kujera, a tafin ƙafa, har cikin haƙoranka. Matuƙa da yawa suna fama da ciwon baya, kusoshi suna kwancewa, ƙarfe yana gajiya ya tsage, kayan lantarki suna mutuwa tun lokacinsu bai yi ba. Toh a shekarar 2008 wasu injiniyoyi a Amurka suka ɗauki cikakkiyar farfelar helikwafta, ba 'yar samfuri ba, suka shigar da ita wani katafaren ramin gwajin iska a Kalifoniya, suka nuna cewa wani ɗan leɓe mai motsi a gefen baya na kowane fiffike, wanda bai kai faɗin tafin hannu ba, zai iya rage ƙarfin jijjigar nan da kusan kashi 80 cikin ɗari. Sunan aikin SMART, kamfanin Boeing ne ya jagoranta tare da NASA da DARPA (hukumar binciken sababbin fasahohi ta ma'aikatar tsaron Amurka) da rundunar sojan ƙasa da ta sama ta Amurka da wasu jami'o'i, kuma ni dai har yau ina ganin yana cikin gwaje-gwaje mafi kyau da aka taɓa yi a harkar farfela.

Sai an fara gane daga ina jijjigar take fitowa kafin a gane maganin. Farfelar da suka yi amfani da ita ta jirgin MD 900 Explorer ce, fikafikai biyar, faɗinta daga baki zuwa baki wajen ƙafa 34 wato mita 10 da ɗoriya, tana juyi 392 a minti ɗaya. Idan ka lissafa za ka ga bakin kowane fiffike yana gudun kusan kilomita 760 a awa ko da jirgin yana tsaye cak a sama. Matsalar tana farawa ne idan jirgin ya kama tafiya gaba. A ce yana gudun kilomita 287 a awa, fiffiken da yake juyowa ta gaba yana karo da iska mai gudun sama da kilomita 1000, ɗan uwansa da yake komawa baya a ɗaya ɓangaren kuma iskar da yake samu ba ta kai kilomita 500 ba, kuma kowane fiffike yana shiga wannan halin ya fita ya shiga wancan sau shida da rabi a cikin daƙiƙa ɗaya. Kaga kenan nauyin da ke kansa yana hawa yana sauka ba hutu, yana lanƙwasa yana murɗewa yana dawowa. Da yake fikafikan biyar ne kuma iri ɗaya, yawancin wannan fizge-fizgen suna kashe junansu a cibiyar farfela, amma akwai wanda ba ya mutuwa, shine mai zuwa sau biyar a kowane juyi. Shi ne yake gangarowa ta sandar farfela ya shiga gangar jirgi, wajen bugu 33 a daƙiƙa.

Abin da aka saba yi shine a bar jijjigar ta fito sannan a tare ta a hanya. Ana rataya wasu ƙarafa masu lilo a kan cibiyar farfela kamar yadda yake a helikwaftan soja na Black Hawk, ko a sa abin tsotse girgiza tsakanin giyabos da gangar jirgi, ko kuma wasu injinan da suke yin tasu jijjigar kishiyar waccan a cikin jirgin kamar a helikwafta S-92. Suna aiki, ba wanda ya ce ba sa yi, sai dai duk nauyi ne ake ɗora wa jirgin da kowane kilo yake da lissafi, kuma ba su taɓa ƙarar da mutanen ƙasa suke ji ko kaɗan. An kuma gwada girgiza farantin da ke sarrafa kusurwar fikafikai da sauri-sauri, an tashi da jirgin OH-6A da wannan dabarar a farkon shekarun 1980, daga baya aka gwada sa wa kowane fiffike nasa haidrolik a gindinsa, kamar gwajin farfelar BO-105 da aka yi a cibiyar NASA ta Ames a Kalifoniya a 1993 da 1994. Sakamakon ya yi kyau amma fa murɗa dukkan fiffike tun daga gindi sau talatin da wani abu a daƙiƙa yana cin ƙarfi sosai, ga wahalar kai man haidrolik cikin abin da yake juyawa, ga kuma fargabar cewa kana wasa da sandunan da ran jirgin gaba ɗaya ya rataya a kansu.

Nan ne tunanin leɓe ya shigo. Maimakon ka murɗa fiffike da ƙarfin inji, ka yanka ɗan yanki a gefensa na baya can kusa da baki inda iska ta fi ƙarfi, ka sa masa hinji, sai ka ɗan ɗaga shi ko ka sauke shi, iskar da kanta za ta murɗa maka fiffiken. Wato ka ari ƙarfin iska ka yaƙi iska da shi. Tunanin ba sabo bane, Charles Kaman tun a ƙarshen shekarun 1940 yake ƙera jirage da irin wannan leɓen kuma har jirgin K-MAX da shi yake tashi, amma nasa da sanduna ake jan shi daga hannun matuƙi, aikinsa tuƙi ne. Abin da mutanen SMART suke so daban ne, leɓen da kwamfuta za ta riƙa kaɗawa daga sau biyu har sau shida a kowane juyi, wato tsakanin sau 13 zuwa 39 a daƙiƙa, kowane fiffike da nasa umarnin, kuma ko ya mutu matuƙi yana nan da tuƙinsa yadda ya saba.

Leɓen da suka saka tsawonsa ƙafa uku ne, ya kama daga kashi 74 zuwa kashi 92 na tsawon fiffike, shi kuma fiffiken faɗinsa inci 10 kacal. Yanzu tambayar ita ce me zai tura shi? Cikin fiffike wuri ne matsattse, kaurinsa bai fi a ce yatsu biyu ba, kuma abin da mutane da yawa ba sa kawowa a rai shine ƙarfin da juyi yake wurgar da komai waje. A daidai wurin da za a ajiye na'urar turawar, wannan ƙarfin ya haura nauyin abu sau 600. Ka saka abu mai kilo ɗaya a wurin, da zarar farfela ta kai cikakken gudu zai riƙa jan fiffiken kamar ka rataya masa sama da kilo 600. Duk wani giya ko ƙaramin boris da yake juyawa lafiya lau a kan tebur, idan ya shiga nan sai ya danne gefe guda ya cije. Shi yasa hankali ya koma kan kayan da ake kira masu wayo, waɗanda su da kansu suke canza siffa idan an ba su wuta ko zafi ko maganaɗisu, ba sai da wani abu mai juyawa a ciki ba.

Kala uku ne aka fi magana a kai. Akwai nitinol, haɗin nikel da titaniyom da aka gano a wani ɗakin binciken sojan ruwan Amurka wajen farkon shekarun 1960, wanda idan ka lanƙwasa shi ka ɗumama shi sai ya koma siffarsa ta farko, yana da ƙarfi kuma yana motsi mai yawa amma sai ya yi zafi ya huce kafin ya sake, don haka ba shi da saurin da ake nema, sai dai a yi amfani da shi wajen gyaran saitin fiffike a hankali. Akwai Terfenol-D mai miƙewa da maganaɗisu, yana da sauri amma sai an naɗe shi da waya mai nauyi. Sai kuma fiyezo, wanda shi aka zaɓa.

Kusan kowa ya taɓa riƙe fiyezo bai sani ba. Laitar gas ɗin nan da kake dannawa ta yi ƙas ta ba da tartsatsi ba tare da batir ko ƙanƙara ba, wani ɗan guduma ne a ciki yake bugun ɗan tangaran, shi kuma tangaran ɗin idan aka matse shi sai ya fitar da wuta. 'Yan uwa biyu Jacques da Pierre Curie ne suka gano haka a Faransa a 1880, shekara guda bayan nan aka tabbatar abin yana yin baya ma, wato idan ka ba shi wuta sai ya miƙe. Wanda ake amfani da shi yanzu tangaran ne da ake kira PZT, ana yanka shi siriri-siriri a jera ɗaruruwa ɗaya kan ɗaya da waya a tsakaninsu har ya zama kamar 'yar sanda, a ba shi wuta ta ɗaruruwan bolt. Saurinsa ba a magana, ƙarfin turinsa kuma mai yawa ne. Amma ga inda gizo ke saƙa, miƙewar da yake yi ba ta wuce kamar kashi ɗaya cikin dubu na tsawonsa. Sanda mai santimita 10 za ta ƙaru da kamar kashi ɗaya cikin goma na milimita, kaurin gashin kai guda kenan, idonka ma ba zai gani ba.

Toh ta yaya kaurin gashi zai kaɗa leɓe a cikin iska mai gudun kilomita ɗari bakwai? A ganina nan ne ainihin gwanintar aikin take, fiye ma da shi kansa tangaran ɗin. A jami'ar MIT, Steven Hall da ɗalibinsa Eric Prechtl suka ƙera wani firam na ƙarfe guda biyu da suka gitta juna kamar almakashi, suka kwantar da sandunan fiyezo a ciki ta yadda idan suka ɗan miƙe a kusa da inda almakashin ya haɗu, bakinsa zai buɗe ninkin-ba-ninkin. Dabarar saɓa dutse da ƙarfe ce dai, ka sayar da ƙarfi ka sayi nisa. Abin lura shine firam ɗin dole ya yi tauri sosai, don in ya yi laushi ko kaɗan sai ɗan motsin ya ƙare a lanƙwasar ƙarfen bai kai ga leɓe ba, in kuma ka ƙara masa kauri don ya yi tauri ka ƙara nauyin da juyi zai ninka sau 600. Sannan tangaran yana jure danniya amma ba ya jure ja, yana tsagewa, don haka dole a ajiye shi a matse kullum. A farfelar SMART sai aka haɗa almakashin biyu suna aiki kishiyar juna, wannan na turawa wancan na sakewa, su biyun suna jan sanda ɗaya da ta tafi zuwa leɓen. Da duk wannan wahalar abin da aka samu shine motsin kamar digiri 3 sama, digiri 3 ƙasa. A bakin leɓen milimita uku da 'yan kai ne.

An fara juya farfelar a kan hasumiyar gwaji ta Boeing a garin Mesa na jihar Arizona a 2003, ƙarƙashin jagorancin injiniya Friedrich Straub, aka ga leɓunan suna motsi a cikakken gudu ba su cije ba. Amma hasumiya a tsaye take, ba ta nuna abin da zai faru a tafiya gaba inda ainihin jijjigar take. Sai da aka ƙara shekara biyar kafin a shiga ramin iska na cibiyar NASA Ames a Moffett Field, wanda wurin gwajinsa yake da tsayin ƙafa 40 da faɗin ƙafa 80, an buɗe shi tun 1944, an kuma lulluɓe bangonsa da abin tsotse sauti don a iya auna ƙara ba tare da amsa-kuwwa ta ɓata lissafi ba. Aka ɗora farfelar a kan wani babban abin riƙo mai ma'auni a ƙarƙashin cibiyarta, aka jera makirufo a gaba da ƙasa, aka riƙa hura iska har zuwa gudun kilomita 287 a awa, ana karkata farfelar ta kwaikwayi tafiya sosai da kuma gangarowar sauka.

Wani abu da ya kamata a tsaya a kansa shine fiyezo ba ya biyayya ɗari bisa ɗari. Idan ka ba shi wuta iri ɗaya sau biyu, inda zai tsaya ya danganta da daga ina ya taso, yana hawa ne ko yana sauka, kuma zafi yana canza shi, ga iskar da ke danna leɓen tana canzawa a kowane ɓangare na juyi, ga kuma leɓuna biyar ɗin ba za su taɓa zama daidai wa daida ba. Da an bar su haka da kowanne ya yi nasa, kuma da zarar fikafikan sun daina zama iri ɗaya toh waɗancan fizge-fizgen da suke kashe juna a cibiya za su fara tsallakowa, a je neman gira a rasa ido. Don haka aka sa wa kowane leɓe sensa mai gaya wa kwamfuta inda yake, ita kuma tana gyara wutar nan take, da tsarin sarrafawar da shi Hall ɗin ya tsara. Da wannan kuskuren da ke tsakanin umarni da ainihin motsi ya dawo ƙasa da digiri 0.2. Ni wannan adadin ya fi burge ni a kan kashi 80 ɗin ma, don in babu shi babu sauran.

Jijjigar cibiya ta ragu da kusan kashi 80 idan aka bar kwamfuta tana karanta ma'aunin tana zaɓar yadda za ta kaɗa leɓunan. A ɓangaren ƙara kuma iri biyu aka bi. Ta farko ita ce fat-fat-fat ɗin nan mai kaifi da ake ji idan helikwafta yana saukowa. Kowane fiffike yana barin 'yar guguwa siririya a bayansa daga bakinsa, a tafiya ta sosai guguwar tana yin ƙasa ta bar wurin, amma a gangarowa jirgin yana nutsewa cikin sawun kansa, sai fiffike na baya ya zo ya mari guguwar na gaba. Idan aka kaɗa leɓe a daidai wurin da ya dace za a iya raunana guguwar tun a haihuwarta ko a sa fiffiken ya wuce ta ɗan nesa da ita. Ta biyu ita ce ƙara mai kauri da take tafiya gaba a saitin farfela ta yi nisa sosai, wadda ita ce take sanar da mutum zuwan jirgi tun bai gan shi ba, kuma ita ce ta fi damun sojoji, shi yasa DARPA ta zuba kuɗinta. A nan leɓen yana ƙirƙirar wani sautin ne kishiyar wancan su haɗu su rage juna. Duka biyun an samu ragin da ya kai desibel 6. A ido adadin kamar ba yawa, amma desibel 6 yana nufin matsin sautin ya ragu da rabi, kuma a lissafi mai sauƙi hakan kamar ka ninka nisan da ke tsakaninka da jirgin ne. Na'urorin turawar kuma sun yi sama da awa 60 suna aiki a cikin ramin ba su gaza ba.

Sai dai akwai abin da bai kamata a ɓoye ba, kuma su ma masu gwajin ba su ɓoye ba. Kaɗawar da take kashe ƙara ba ita ce take kashe jijjiga ba, sau da yawa ma idan ka saita leɓe don ƙara ta yi ƙasa sai jijjigar cibiya ta ƙaru. Dalilin a fili yake, digiri uku ne gaba ɗaya jarin da kake da shi, leɓe ɗaya a kowane fiffike, in ka kashe shi a nan babu na can. Don haka kashi 80 da desibel 6 ba a lokaci guda aka same su ba, kowanne da nasa saitin. A aikace abin da zai yiwu shine a riƙa canza manufa, a doguwar tafiya a bi jijjiga, idan an zo sauka kusa da gidajen mutane a koma kan ƙara a haƙura da ɗan girgiza na 'yan mintuna. Ni a wurina wannan ma ba ƙaramin abu bane, don ƙarfen lilo da aka rataya a cibiya ba shi da wannan zaɓin, abu ɗaya aka saita shi ya yi.

Su Turai ma ba su zauna ba, hasali ma sun riga Amurka tashi sama da abin. A watan Satumba na 2005 kamfanin Eurocopter ya tashi da jirgin BK117 mai leɓunan fiyezo a Donauwörth ta ƙasar Jamus, daga baya suka ci gaba da aikin da sunan Blue Pulse, su nasu leɓe uku ne a kowane fiffike. Sikorsky kuma ya gwada nasa leɓen da ƙananan injinan lantarki maimakon tangaran. Wato ba mutum ɗaya ne ya ga abin yana aiki ba.

Toh me yasa har yanzu ba a sayar da helikwafta mai irin wannan farfelar? Inaga amsar tana hannun makanike da mai biyan kuɗin gyara. Awa 60 a ramin iska abin yabo ne, amma fiffiken helikwafta ana sa ran ya yi dubban awoyi. Leɓe mai kaɗawa sau 33 a daƙiƙa yana yin motsi sama da 117,000 a awa ɗaya, a awa dubu ya haura miliyan 117, duk a ƙarƙashin wancan jan na sau 600, cikin ruwan sama da ƙura da gishirin teku da sanyin da ruwa ke daskarewa a hinji. Ga wuta mai ɗaruruwan bolt da za a tsallakar daga gangar jirgi zuwa abin da yake juyawa ta zoben gogayya wanda shi ma yana cinyewa, ga amfilifaya mai nauyi a cikin jirgi, ga tsawa da take iya faɗa wa fiffike mai cike da wayoyi. An kuma huda fiffiken an yi masa ƙofa don a iya ciro na'urar, duk inda aka huda kuwa sai an ƙara ƙarfi, ƙarin ƙarfi ƙarin nauyi. Sannan hukumar da ke ba jirgi lasisi za ta tambaya, idan leɓe ɗaya ya maƙale a sama sauran huɗu suna aiki me zai faru, idan kwamfuta ta rikice ta kaɗa su a saitin da yake ƙara jijjiga maimakon ragewa fa, kuma kowace tambaya sai an amsa ta da gwaji mai tsada.

Duk da haka ban yarda a ce aikin ya tashi a banza ba. Bayanan da aka tara a 2008 an yi ta amfani da su wajen gwada manhajojin da suke hasashen yadda iska da fiffike suke mu'amala, dama ɗaya daga cikin dalilan da suka sa DARPA ta shiga kenan, kuma da irin waɗannan manhajojin ake zana farfelar yau. Shi Eurocopter, wanda ya koma Airbus Helicopters, ya tafi da dabaru biyu ne a tare, leɓen fiyezo na Blue Pulse da kuma wani fiffike mai suna Blue Edge da aka lanƙwasa bakinsa gaba sannan baya don kada ya mari guguwar gaba ɗaya a lokaci guda, babu waya babu abin motsi a cikinsa. Blue Edge ɗin ne ya hau kan jirgin H160 da ya samu lasisin Turai a 2020, leɓen fiyezo kuma ya tsaya a jiragen gwaji.